Faifan Gwaji da Garmahon Baƙo

Jama'a, abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, kuma ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru. Wallahi na kai shekarun da ƙarya ba za ta ƙara mini komai ba. A Libreville ne, ƙasar Gabon, bayan an karya darajar kuɗin sefa, lokacin ina gyaran rediyo a wata 'yar rumfar katako a unguwar Derrière la Prison, wadda mu mutanen Nijar muke ce wa Bayan Kaso. Na daɗe ina riƙe da labarin a cikina. Abin da ya sa na fito da shi yanzu wani tsohon faifan kiɗa ne da aka sake bugawa kwanan baya, za mu zo kansa.

Ni ɗan Maradi ne, kuma ba gyaran rediyo ya kai ni Gabon ba, neman wana na je. Yaya Lawali shi ne ɗan farin Innarmu. Ya tafi ci-rani tun ina ƙarami, da fari saƙonsa yana zuwa ta hannun 'yan kasuwa, ga turmin zane ga sabulu, daga baya sai shiru, ba labarin rai ba na mutuwa. Kun san halin iyayenmu mata na da a kan ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko ciwo yake sai dai kaka ta yi jinya. To Inna ta fi kowa riƙon wannan kunya. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ta tambayi wani matafiyi labarinsa ba, sai dai in baƙo ya zo daga can ta yi ta kai da komo a bakin zaure kamar mai neman tsintsiya.

Wuri ɗaya take sakin abin da ke ranta, a kan dutsen niƙa. Tana da wata waƙa da ta ƙirƙira tun Yaya yana gida, tana cewa:

Baƙon gidana mai dogon wuya,
Ci tuwonka, ni ban gan ka ba.

Kowa a gidan ya san wane ne mai dogon wuya, amma ba wanda ya isa ya nuna ya sani. Ranar da zan tafi ma abin da ta ce mini ke nan: "In ka je, ka buɗe ido. Mutane na ɓacewa can." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni kuma na gane aikin da aka ɗora mini.

Da na isa, gidan Alhaji Garba na sauka a unguwar Nzeng-Ayong, shi ne maigidan mutanenmu, duk ɗan Maradin da ya zo ta hannunsa yake bi. Na tambaye shi, ya ce lalle Lawali ya zauna da shi yana sayar masa da yadi, amma ya bar shi tuntuni, bai san inda ya yi ba. Na bi masallatai, na bi kasuwanni, na bi direbobin taksi da masu dakon kaya, kowa sai ya kawar da kai ya ce Allah Ya bayyana. Da ƙafa ta gaji ciki kuma bai gaji ba, sai na shiga koyon gyara wajen wani dattijo ɗan Kamaru, wanda daga baya ya koma ƙasarsu ya bar mini rumfar. Na yi aure, aka haifa mini ɗiya, shekaru suka yi ta tafiya. Duk saƙon da zan aika gida sai in ce ana nan ana cigiya.

Yanzu bari in faɗa muku wani abu game da sana'armu, don sai da shi za ku gane sauran. Kowane mai gyaran garmaho yana da faifai guda na gwaji. Ba don jin daɗi ake sa shi ba, so kake ka ji ko injin yana juyawa daidai, ko allura tana kamawa, ko lasifika tana tsatsa. Kana ɗora allura, ka ji farkon kiɗan, kunnenka ya gaya maka abin da kake nema, sai ka ɗaga ka ci gaba da aiki. Nawa faifan a rumfar na gaje shi rataye a ƙusa, ba shi da jaka, takardar tsakiyarsa ma laimar garin ta cinye ta, ba suna ba hoto. Kiɗan da ke farkonsa kuwa, Allah Ya ba ku haƙuri. Gita ce ke gurnani kamar an kulle zuma a gwangwani, ga ganga ana dukan ta ba tausayi, ga wani abu mai kama da fiyano yana ta kuka yana jujjuyawa har kanka ya fara juyi. Irin na samarin zamanin da ne masu tulin gashi da wando mai faɗin ƙafa. Don gwaji dai ba kamarsa, tun da duk lasifikar da ta jure shi ta warke. Na san farkon nan kamar sunana, amma ban taɓa barin sa ya kai inda ake fara waƙa ba, balle in juya bayansa.

Da aka karya sefa, kuɗin da ke aljihunka ya wayi gari rabi, sabon kaya ya gagari kowa, sai mutane suka shiga zaƙulo tsofaffin rediyo da garmaho daga ƙarƙashin gado suna kawo gyara. Na ɗan ji daɗin kasuwa, ba zan ɓoye ba. Amma daɗin bai daɗe ba, don da gari ya yi zafi sai aka ce baƙi ne suka cinye arzikin ƙasa. Aka ba duk wanda ba shi da katin zama wa'adi ya fita, kuɗin katin kuma ya fi ƙarfin irinmu. Kwantirol na 'yan sanda a kowace mararraba, ana tare taksi ana sauke mutane, in ka fita da safe matarka ba ta da tabbacin za ka dawo. Na yanke shawarar tafiya, na karɓi takardar fita, na samo mana wuri a jirgin ruwa, na mayar wa kowa kayansa, wanda na gyara da wanda ban gyara ba. Ba asarar rumfa ce ta dame ni ba. Abin da ke cin raina shi ne zan tsaya gaban Inna, wadda aka ce mini ido ya fara yi mata nauyi, hannuna babu komai, kuma na san ba za ta tambaya ba, kallo kawai za ta yi.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, bayan la'asar, ina kwance katakon kanta, sai ga wani mutum da kaya a kai an naɗe da tsohon zane. Dattijo ne tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi ba, irin fuskar da in ka gani yau gobe ba za ka iya kwatanta ta ba. Ya yi sallama da Hausa tsab, amma ban iya cewa ta wane gari ba ce. Ya sauke kayan, garmaho ne irin mai akwati, wanda lasifikarsa ke jikin murfi.

Na ce, "Baba, ka makara, na rufe aiki, tafiya za ni."

Ya ce, "Na sani. Ba gyara nika so ba, gwada min shi kawai."

Na ga babba ne, ban iya musu ba. Na jona wuta, na jawo faifan gwajina daga cikin tarkacen da zan zubar, zan ɗora sai ya ce in juya bayansa. Na ce ai duk ɗaya ne. Ya ce to in duk ɗaya ne a juya. Sannan ya nuna wata rakoda da ta rage a kan benci ya ce in sa kaset in ɗauka. Na yi tsaki a raina, na ce yau na haɗu da mai son banza, zai gwada kyauta kuma ya tafi da kaset. Na dai sa, na ajiye ta gaban lasifika.

Faifai ya fara juyawa, gita ta fara gurnaninta, kunnena ya ce inji lafiya lau, hannuna ya tafi da kansa zai ɗaga allura. Sai mutumin ya riƙe mini wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba, amma wallahi ji na yi kamar an ɗora mini buhun gero. Ya ce, "Bar shi ya kai."

Na koma na zauna ina huci. Waƙoƙin suka yi ta wucewa, wani yana rerawa da Faransanci, wani wurin da Turancin 'yan Najeriya, murya ce mai kaushi ana jan ta ana maimaita ta kamar daga cikin rijiya. Tun a nan wani abu ya fara taɓa ni a muryar, amma na ce kai, kunne ne. Da aka zo ta ƙarshe sai gangar ta yi sanyi, gitar ta koma wani irin kai da komo, gaba da baya, gaba da baya, tsigar jikina ta tashi tun kafin in gane dalili. Tafiyar dutsen niƙa ce. Sai muryar ta shigo da Hausar Maradi:

Baƙon gidana mai dogon wuya,
Ci tuwonka, ni ban gan ka ba.

Ya maimaita, sannan ya ba da amsar da ba ta cikin waƙar Inna:

Na ci, Inna, na ƙoshi,
Ke ba ki gan ni ba, ni na gan ki.

Jama'a, namiji ne ni, amma a ranar na kifa kaina a kan benci na yi kuka kamar an yaye ni. Shekara da shekaru ina yawon cigiya a gari, ashe wana yana rataye a ƙusa bisa kaina, kullum ina toshe masa baki kafin ya buɗe. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Da na ɗago, faifan ya tsaya, kaset ya ƙare, mutumin ba ya nan. Ya bar garmahonsa, ya bar zanen, bai ɗauki kaset ba. Na leƙa wajen telan da ke maƙwabtaka da ni, ya ce ya ga shigar wani da kaya a kai, fitarsa ce bai lura ba.

Na ce bari in sake ji. Na ɗora allura, faifai ya ƙi motsi. Na duba wuta, tana nan. Sai na ɗauko sukundireba na kwance gindin akwatin, abin da na gani kuwa har yau ban manta da shi ba. Babu inji a ciki. Ba wai ya ƙone ba ne, babu shi ɗungum, sai ramukan ƙusoshin da suka yi tsatsa. A gurbinsa gidan zanzaro ne na laka, tsoho, ya bushe har yana marmashewa. Wayoyin da ke zuwa lasifika kuma a yanke suke, bakinsu ya yi kore. Ni mai gyara ne, na san abin da ke juya faifai, na kuma san abin da ke fitar da sauti, kuma ba ko ɗaya a akwatin nan. Na mayar da gindin akwatin a hankali ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na kunna kaset, ina tsoron in ji shi wayam. Komai yana ciki.

Washegari da sassafe na nufi Nzeng-Ayong, ina raɓe-raɓe ta lunguna saboda kwantirol. Na sami Alhaji Garba a kan buzunsa, bayan gaisuwa na ajiye rakoda na kunna waƙar ƙarshe. Carbin hannunsa ya tsaya. Da ta ƙare ya dube ni.

Ya ce, "Ina ka samo wanga abu?"

Na ce, "Baba Alhaji, ni za a tambaya?"

Sai ya ba ni labari. Ashe Yaya ya bar sayar da yadi ne ya bi wasu samari, 'yan ƙasa da ɗan Kamaru guda, suna kiɗa a wani garejin makanikai in an tashi aiki, daga nan suka shiga gidajen rawa, har ya canza suna. A garejin suka ɗauki faifan, aka buga kaɗan, bai yi kasuwa ba, ƙungiyar ta watse. Yaya ya koma garin Ntoum yana bin motocin katako, can zazzaɓi ya kama shi, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Alhaji da kansa ya je ya yi masa wanka ya sallace shi, tun kafin in zo ƙasar.

Na ce, "Kuma ka dube ni ka ce ba ka sani ba."

Ya ce, "Ɗana, da wane baki zan aika ma uwa cewa ɗanta na fari ya ƙare makaɗin gidan giya? Na ce mu rufa mai asiri, duk muka haɗa baki. Da ka zo na so in faɗa, nauyi ya hana ni, kullum ina cewa gobe."

Na ji haushi, ba zan ce ban ji ba, har na miƙe tsaye. Amma na dubi tsohon nan yana share ido da bakin rawani, na tuna shi ya yi wa ɗan'uwana sutura lokacin da ba kowa nasa a kusa, sai na koma na zauna. A ranar ya sa aka fito da motarsa, da yake takardunsa cikakku ne, ya kai ni Ntoum. Kabarin yana gefen maƙabartar Musulmi, ciyawa ta rufe shi, na sa hannu na cire iya abin da zan iya, muka yi addu'a muka juyo.

Garmahon a rumfa na bar shi, ko taɓa shi ban sake yi ba. Faifan na saka cikin jakar kaya, amma a jirgi a fili muka kwana muka wuni, rana ta dake shi, kafin mu sauka Kwatano ya lanƙwashe ya tashi daga aiki. Kaset kuwa a aljihun ƙirjina ya yi tafiyar har Maradi.

Na tarar da Inna ta tsufa ƙwarai, ido sai dai ta ga inuwa. Aka yi murna, ta ɗauki jikarta tana shafa mata kai, ba ta tambaye ni komai ba, amma duk inda na motsa fuskarta na bin sautin ƙafata. Da mutane suka ragu, na shiga ɗakinta ni da ƙanwata, na durƙusa na gaya mata cewa wanda ta aike ni nema Allah Ya karɓi abinsa, an yi masa wanka da salla, na ga kabarinsa da idona. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ko hawaye babu. Na ce ya bar saƙo. Na wuce duk hayaniyar gitar nan, don kada ta ce mahaukata na kawo mata, na kunna ta ƙarshe.

Da ta ji waƙarta a bakin namiji sai ta gyara zama. Da ya kai ga amsar, ta miƙa hannu tana laluben rakodar, ta jawo ta ta ɗora a cinya. Sai muka ji ta ce, a hankali, "Lawali. Lawali, na gan ka. Wallahi kullum ina ganin ka." Ni da ƙanwata muka dubi juna, don tunda aka haife mu ba mu taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sannan ta yi kukan da ta shekara da shekaru tana haɗiyewa. Aka yi masa sadaka, ta daina kai da komo a bakin zaure. Kullum da hantsi sai ta sa a kunna mata, har zaren kaset ɗin ya siɗe ya tsinke, na ɗinke ya sake tsinkewa. Bai daɗe da ƙarewa ba ita ma ta bi shi, Allah Ya jiƙan su baki ɗaya.

To kwanan baya ɗiyata, wadda aka haifa a Gabon, yanzu malamar makaranta ce, ta zo mini da waya a hannu. Na taɓa ba ta sunan ƙungiyar kamar yadda Alhaji ya faɗa mini, ashe takan duba lokaci-lokaci. Ta ce wasu Turawa masu farautar tsofaffin faya-fayan Afirka sun sami kwafi guda, sun wanke sautin sun sake bugawa, wai abin nema ne ruwa a jallo a wajen masu son irin kiɗan, saikadelik suke ce masa ko me. Na yi dariya, na ce abin da nake gwada lasifika da shi. Ta nuna mini hoton jakar, karo na farko da na gan shi. Ga Yaya a tsakiya da dogon wuyansa da tulin gashi, yaro ɗanye, ko shekarun ɗiyata bai kai ba. Na san abin da kuke jira in ce, ni ma na duba fuskokin sauran ɗaya bayan ɗaya. Mai garmaho ba ya cikinsu.

Muka zauna muka saurara tun daga farko, wannan karon ban tsallake komai ba. Muryar Yaya ce, tas, kamar yana ɗakin. Aka zo ta ƙarshe, ganga ta yi sanyi, gita ta fara kai da komonta na dutsen niƙa, na rufe ido ina jira. Ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har ta ƙare. Ba wanda ya yi waƙa. Na ce ko sun yanke ne, ɗiyata ta karanta bayanin da suka rubuta, ta ce a yadda aka buga shi tun asali wannan ta ƙarshen kiɗa ce zalla, ba murya a cikinta.

Na kira ƙanwata a waya na ce ta rera mini abin da ta ji a ɗakin Inna. Ta rera shi har da amsar, ba ta ɓata ko kalma ba.

Ban san wane ne ya shigo rumfata ba, ban san da me akwatin nan ya juya ba, kuma na daina neman sani. Wanda duk ya aiko shi na gode masa, na gode wa Turawan nan ma da ba su san ni ba, sun dawo mini da muryar ɗan'uwana da fuskarsa. Shawarata gare ku ita ce, in kuna da labarin wani da ya ɓace wa nasa, mai daɗi ne ko marar daɗi, ku kai musu tun masu jira suna da rai, kada kunya ta sa ku zauna a kansa. Ni dai har yanzu nakan sa a kunna mini ta ƙarshen nan, in gitar ta zo daidai wurin sai in yi shiru in kasa kunne, ko da za a sake cewa wani abu.